Litinin ɗin barewa, Lahadi da ambulan ruwan hoda: yadda jihar Pensilbeniya ke ƙoƙarin riƙe maharbanta

A ƙauyukan jihar Pensilbeniya da ke gabashin Amurka akwai wata Litinin da makarantu da yawa ke kulle ƙofa, alhali ba ta cikin ranakun hutun ƙasa. Ita ce Litinin da ke bin bikin Godiya, wanda Amurkawa ke yi ranar Alhamis ta huɗu ga watan Nuwamba. Daga 1963 har zuwa 2018 a wannan rana aka riƙa buɗe farautar barewa da bindiga a jihar, kuma hukumomin makarantu sun daɗe da gane cewa ko an buɗe aji ba za a samu ɗalibai ba, wasu malaman ma suna daji.

Al'adar ta fi ranar kanta girma. Da an gama cin naman talo-talo ranar Alhamis, sai maza su fara haɗa kaya. Juma'a ko Asabar a ɗauki hanyar arewa, zuwa gundumomin duwatsu irin su Potter da Tioga da Cameron, inda iyalai da abokai ke da ɗakunan katako a bakin daji, wasu tun zamanin kakanni. Ana isa a share ɗaki, a faskare itace, a hura murhu. A wancan lokacin doka ta hana farauta ranar Lahadi, don haka a ranar ne ake gwada saitin bindiga, a zaga daji a duba sawu, a shiga gari a sayi harsashi da safar hannu, a ci abincin da coci-coci da 'yan kwana-kwana na sa kai ke dafawa don tara kuɗi. Da dare a zauna hira. Yaron da aka zo da shi karon farko, a wannan zaman yake jin inda kakansa ya harbi barewarsa ta fari, da wanda ya ɓata a daji wata shekara aka kwana ana nemansa. Asubahin Litinin kowa ya sa hula da 'yar shara mai ruwan lemo mai ƙyalli, wadda doka ta wajabta don kada wani maharbi ya ɗauke shi dabba, a fita cikin sanyi.

A 2019 Hukumar Namun Daji ta jihar ta ɗauke ranar buɗewa daga Litinin ta mayar da ita Asabar. Har yau ba a daina jayayya a kan wannan mataki ba. Me zai sa hukuma ta taɓa al'adar da ta haura shekara 50, tana sane da cewa za ta ɓata wa mutanenta rai? Amsar tana cikin lissafin lasisi.

A farkon shekarun 1980 jihar tana sayar da lasisin farauta kimanin miliyan 1.3 a shekara. A 'yan shekarun nan adadin yana yawo wajen 850,000, a jihar da ke da mutum kusan miliyan 13. Ba Pensilbeniya kaɗai ba ce. Ƙidayar da hukumar kula da kifi da namun daji ta tarayyar Amurka ke yi ta samu maharba miliyan 13.7 a 2011, sai ta samu miliyan 11.5 a 2016. Ƙidayar 2016 ɗin ta kuma nuna cewa 90 cikin 100 na maharban maza ne, 97 cikin 100 kuma Turawa farar fata, kuma mafi yawansu shekaru sun ja. Waɗanda aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, su ne suka cika daji a 1980, su ne kuma yanzu gwiwa ke hana su hawan dutse. 'Ya'yansu sun koma birni, ko sun shiga aikin da ba ya ba da hutun Litinin.

Mai karatu zai iya cewa, to ina asara? In maharba sun ragu ai namun daji sun huta. A tsarin Amurka abin ba haka yake ba, kuma sai an fahimci wannan kafin sauran labarin ya shiga kai.

An kafa Hukumar Namun Daji ta Pensilbeniya a 1895, lokacin da sare daji da farauta ba ƙaidi suka kusa ƙarar da barewa a jihar, har ta kai ana sayo ta daga wasu jihohi irin su Michigan ana sakewa. Hukumar ba ta cikin masu jiran kaso daga baitulmalin jiha. Da kuɗin lasisi take tafiya, da kuɗin katako da iskar gas da ake samu a filayenta, da kuma kason da take karɓa daga wata dokar tarayya ta 1937 mai suna Pittman-Robertson, sunan 'yan majalisa biyu da suka kawo ta, wadda Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu. Dokar, da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, ta ware harajin da ake karɓa daga masu ƙera makamai: 11 cikin 100 a kan dogayen bindigogi da harsashi da kwari da baka, 10 cikin 100 a kan ƙananan bindigogin hannu. Kuɗin ba ya shiga wani aiki sai na namun daji da koyar da maharba da filayen harbi. Wajen rabo, rabi ana duba girman ƙasar jiha, rabi kuma yawan masu lasisinta. Sannan tarayya tana biyan kashi 75 ne na aiki, jiha ta kawo 25 daga aljihunta, wanda galibi kuɗin lasisi ne. Ke nan duk maharbin da ya ajiye bindiga, hukumar ta yi asara sau biyu: kuɗin lasisinsa, da abin da sunansa ke jawo mata daga tarayya. Ga shi kuma majalisar dokokin jiha ce ke yanke farashin lasisi, kuma rabonta da ƙara shi tun 1999. Babban mutum ɗan jiha yana biyan dala 20.97. Da wannan kuɗi ake kula da filayen farauta na gwamnati fiye da eka miliyan 1.5, waɗanda mai yawon shan iska da mai kallon tsuntsaye ke shiga kyauta.

Akwai kuma barewar kanta. An daɗe da kashe kerkeci da damisar dutse a jihar, saboda haka babu abin da ke rage yawan babbar barewa kamar maharbi. A shekarun nan maharba na ɗauke fiye da 400,000 a kowace kaka, amma duk da haka jihar na sahun gaba a Amurka wajen karon mota da barewa, manoma na kukan masara da waken suya, masu kula da daji na kukan cewa ƙananan itatuwa ba sa tasowa don ana cinye su tun suna tsiro. Tun 2012 kuma aka gano cutar nan mai rame barewa tana taɓa ƙwaƙwalwa a jihar, wadda cunkoso ke taimaka wa yaɗuwa. Don haka batun samun sababbin maharba ba sha'awa ba ce kawai ta masu son bindiga. Aikin kiwon daji ne da aka ɗora a wuyan jama'ar da ke tsufa.

Ma'aikatan wannan fanni a Amurka suna kiran aikin R3, saboda kalmomi uku na Ingilishi da suka fara da harafin R: jawo sabo, riƙe wanda ke ciki, da dawo da wanda ya bari. A 2016 aka fitar da wani tsari na ƙasa baki ɗaya a kai, a ƙarshen 2019 kuma majalisar tarayya ta gyara dokar Pittman-Robertson don jihohi su iya kashe wani ɓangare na kuɗin a kan wannan aiki. Abin da Pensilbeniya ta yi, in an duba da kyau, kusan duk iri ɗaya ne: ta riƙa neman abin da ya tare ƙofa tana ɗagewa.

Ƙofar farko ta yara ce. A da, sai yaro ya kai shekara 12 kuma ya ci jarrabawar koyon farauta kafin ya riƙe bindiga a daji. Ƙungiyoyin maharba suka ce kafin yaro ya kai 12 ƙwallo da wasannin kwamfuta sun riga sun tafi da shi. A 2004 wasu manyan ƙungiyoyi uku suka fara wani gangami mai suna Families Afield don sassauta irin waɗannan dokoki, kuma Pensilbeniya na cikin na farkon amsawa: a 2006 ta fara shirin farautar yara ƙarƙashin jagora. Ƙa'idojinsa sun cancanci a duba su kusa, don a nan ne za a ga cewa ba sakaci aka yi ba. Jagora sai ya kai shekara 21 kuma yana da lasisi. A farkon shirin, yaro ɗaya kawai zai ɗauka. Bindiga ɗaya ce tsakaninsu, kuma muddin ana tafiya tana hannun babba. Sai an isa wurin fako an zauna, sannan a miƙa wa yaron, shi ma yana kusa yadda hannun jagora zai iya kai masa. Takardar izinin ƙaramin yaro ba ta kai dala 3 ba. A 2014 aka buɗe irin wannan ƙofa ga manya, wato wanda ya girma bai taɓa farauta ba ya gwada tare da jagora kafin ya zauna ajin koyo. Amma an sa iyaka: wanda ya kai shekara 12 ko fiye, kaka uku kawai zai yi a haka, daga nan sai ya yi karatun ya sayi cikakken lasisi.

Shirin yaran ya karɓu, dubban iyalai suna amfani da shi kowace shekara. Sai dai akwai tambayar da masu nazarin R3 suka daɗe suna yi wa irin wannan shiri a duk faɗin ƙasar, kuma ina ganin tambaya ce ta gaskiya: wane yaro ne ke zuwa? Yaron da ke da baba mai lasisi, mai bindiga, mai mota, mai sanin inda barewa ke kwana. Wato yaron da ko babu shirin zai zama maharbi, shirin ya gaggauta masa ne da shekara uku ko huɗu. Wannan ba aibu ba ne, gaggautawar ma tana da amfani. Amma ba ta ƙara gida ko ɗaya a kan gidajen maharba. Mu ma mun san haka a ƙasar Hausa: harbi gado ne, ɗan maharbi ke sanin sawu, kuma da wuya ka ga wanda ya tashi a gidan da ba a taɓa rataye kwari ba ya wayi gari ya shiga daji shi kaɗai. Yaron da iyayensa ba sa farauta, ko an kai shi bikin kwana ɗaya ya harba bindiga ya ji daɗi, washegari ba shi da mota, ba shi da kuɗi, doka ba ta ba shi damar sayen makami ba, kuma ba mai mayar da shi.

Sai ƙofar lokaci, wadda ita ce ta tayar da ƙura.

Hujjar hukumar a 2019 a fili take. Ɗalibin jami'a yana gida hutun Godiya, amma Litinin yana da lacca. Ma'aikacin kamfani ko shago ba ya samun Litinin sai ya ci daga hutunsa na shekara. In aka buɗe ranar Asabar, duk waɗannan za su samu ranar farko, wadda ita ce ranar da aka fi samun barewa kafin ƙarar bindiga ta kore ta cikin surƙuƙi. A shekarar, cinikin lasisi ya ɗan ɗaga bayan shekaru yana gangarowa, kuma binciken jin ra'ayi da hukumar ta sa aka yi daga baya ya nuna kusan maharba shida cikin goma sun fi son Asabar.

Waɗanda suka ƙi, ba 'yan taurin kai ba ne kawai, kuma na fi son a saurare su da kyau. Suna cewa an ba su rana an ƙwace musu kwana biyu. Mutum ya ci abincin Godiya da iyalinsa ranar Alhamis, Juma'a ya kwashi awa huɗu ko biyar a mota, ya isa da duhu, ya kwanta, asuba ya fita. Babu faskaren itace tare, babu zaga daji da yaro, babu hirar dare biyu. Wasu ma sun daina zuwa arewa gaba ɗaya, suna farauta kusa da gida. Masu shaguna da gidajen abinci na ƙananan garuruwan arewa suka ce cinikin da suke jira duk shekara ya karye, 'yan kwana-kwana suka ce liyafar tara kuɗinsu ta mutu. An sha kai ƙudiri majalisa don a dawo da Litinin, bai wuce ba.

A nan ne nake ganin darasin wannan lamari yake. Duk wanda ya yi nazarin yadda mutum ke zama maharbi ya tsaya, ya ƙare ne a kan abu ɗaya: jama'ar da ke kewaye da shi. Taswirar da ma'aikatan R3 ke amfani da ita ta nuna matakai, daga jin labari, zuwa sha'awa, zuwa gwaji, zuwa ci gaba da taimakon wani, zuwa ci gaba da ƙafarka, kuma ta ce a kowane mataki sai da mutanen da ke riƙe da kai. To ɗakin katakon nan na arewa, da Lahadinsa ta zaman banza a ido, shi ne makarantar da ke yin wannan aiki tun kafin a ƙirƙiro masa suna. Hukumar ta ƙara wa mutane lokacin harbi, amma ta rage musu lokacin zama tare, kuma lissafin lasisi na shekara ɗaya ba zai nuna abin da aka rasa ba. Sai bayan shekara goma ko ashirin, ranar da jikokin masu ɗakin suka yanke shawarar sayar da shi. Ban ce komawa Asabar kuskure ne ba. Matashin da ke aiki a gidan ajiyar kaya a wajen Harrisburg, babban birnin jihar, wanda ba shi da ɗaki a arewa kuma ba zai taɓa samu ba, Asabar ce ta ba shi ranar farko. Abin da nake cewa shi ne an saya da tsada, kuma ya kamata a rubuta tsadar a littafi ɗaya da ribar.

Lahadi ita ce ta biyo baya. Hanin farauta ranar Lahadi a jihar tsohuwar doka ce ta ƙarni na 19, daga cikin dokokin girmama ranar ibada, ban da hankaka da wasu karnukan daji da aka bari a harba. Shekara da shekaru ƙungiyar manoman jihar ce ke tsaye a kan hanin, tana cewa manomi na son rana ɗaya da ba mai buga masa ƙofa ko tsallaka masa shinge. Masu yawon ƙafa a daji su ma suna son ranar da za su fita ba fargabar harsashi. A Nuwambar 2019 Gwamna Tom Wolf ya sa hannu a dokar da Sanata Dan Laughlin na Erie ya kawo, wadda ta ba da Lahadi uku kacal a shekara, da sharaɗin samun rubutaccen izinin mai gona, aka kuma tsananta hukuncin shiga gonar mutum ba izini. An fara a Nuwambar 2020. Shekara biyar ana yi ba a ga tashin hankalin da aka ji tsoro ba, ɓarnar barewa a gonaki kuma ta ƙaru har manoman da kansu suka juya suka goyi baya. A Yulin 2025 Gwamna Josh Shapiro ya sa hannu a dokar da ta soke hanin ɗungurungum, hukumar ta ware Lahadi 13 a kakar shekarar, daga 14 ga Satumba zuwa 7 ga Disamba. Ga mai aikin Litinin zuwa Juma'a, wannan ninka masa kwanakin daji ne. Yadda aka bi aka kai nan ma abin koyi ne: an fara da kaɗan, aka biya wa masu adawa buƙatarsu ta gaskiya, aka bar su suka gani da idonsu.

Ƙofa ta uku ƙarama ce a ido, amma duk maharbin jihar ya san ta. Lasisin gama-gari namijin barewa guda ɗaya, mai ƙaho, yake ba ka. In kana son harbin mace, wadda ita ce ke rage yawan garke kuma ita ce sabon maharbi ya fi samu, sai ka nemi wani lasisi dabam na dala 6.97. Har zuwa 2022 hanyar nemansa ita ce: ka cike takarda da hannu, ka rubuta cak, ka sa a wata ambulan ruwan hoda ta musamman, ka manna kan sarki biyu, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, ka aika wa ma'ajin gunduma ta gidan waya, kuma kada ta isa kafin ranar da aka sa. Wanda ya tashi a gidan maharba, babarsa ma ta san ranar aika ambulan. Wanda ya shigo yana da shekara 30, bai taɓa rubuta cak ba a rayuwarsa, sai kaka ta zo ya tarar an gama rabo tun watan Agusta. An gyara dokar a ƙarshen 2022, aka fara sayarwa ta intanet da shaguna a Yunin 2023. Ranar farko ta yi muni: mutane suka yi cincirindo a shafin lokaci guda, wasu suka yini suna jiran layi, har shugaban hukumar ya fito ya ba da haƙuri. Shekarar da ta biyo aka rarraba ranakun sayarwa, abin ya daidaita.

To bayan duk wannan, ina aka kwana? Gangarowar ta yi sauƙi, amma ba a koma ko kusa da adadin da ba. Kuma da wuya a raba tasirin kowane mataki da na ɗan'uwansa, domin shekarar da aka fara Lahadi uku ita ce shekarar korona, lokacin da cinikin lasisi ya tashi a kusan duk jihohin Amurka, masu Lahadi da marasa ita, saboda mutane suna zaune a gida ba aiki ba wasanni. Bayan annobar ta lafa adadin ya sake sauka. Duk wanda ya nuna tashin 2020 ya ce aikin sabuwar doka ne, bai yi wa lissafi adalci ba.

Nan ne gyara na farko ya kamata ya shiga, wato yadda ake awo. Shekaru da yawa shirye-shiryen jawo maharba a Amurka suna auna kansu da yawan waɗanda suka halarci taro: yara 200 sun zo, an ci abinci, an ɗauki hoto, an rubuta rahoto. Ba wanda ya bi ya ga ko ɗaya daga cikinsu ya sayi lasisi bayan shekara biyu. Pensilbeniya tana da abin da za ta yi wannan bibiya da shi, domin tun 2009 da ta koma sayar da lasisi ta kwamfuta kowane mai saye yana da lambarsa ta dindindin. Da wannan lamba ana iya sanin yaron da ya fara da jagora yana da shekara 9, ko yana saye yana da 19. Ana iya ganin wanda ya saya shekara biyar a jere ya tsallake bana, a aika masa saƙo kafin tsallakewar ta zama bari. Binciken cinikin lasisi a jihohi da dama ya nuna cewa maharba da yawa ba kowace shekara suke saye ba, suna shiga suna fita ne. Dawo da irin wannan mutum ya fi komai araha: yana da bindiga, ya iya fiɗa, ya san daji. Wataƙila abokin tafiyarsa ne ya rasu, ko gonar da yake shiga aka sayar aka kafa allon hani.

Gyara na biyu shi ne a karkata ga manya waɗanda ba su gaji abin ba. Babban mutum yana da mota da albashi, yana iya sayen makami, yana iya komawa daji ran da ya ga dama, kuma in ya tsaya zai koya wa 'ya'yansa, ka ga an samu sabon gida ke nan. A garin Athens na jihar Jojiya, a 2016, wasu ma'aikatan ƙungiyar masu kula da barewa suka kafa tebur a kasuwar manoma suna ba mutane ɗanɗanon naman barewa, duk wanda ya nuna sha'awa su tambaye shi ko yana son ya koyi samo shi da kansa. Waɗanda suka amsa ba masu neman ƙaho na ratayewa a bango ba ne, masu son sanin inda namansu ya fito ne. Aka koya musu harbi da baka mai kunama irin ta bindiga, wadda ta fi sauƙin koyo kuma ba ta firgita wanda bai saba da ƙarar harsashi ba, aka haɗa kowa da jagora. Pensilbeniya ta gwada irin wannan a gandun John Heinz da ke bakin birnin Filadelfiya, dab da filin jirgin sama, inda ake kai sababbin shiga, har da mutanen birni da ba su da maharbi ko ɗaya a danginsu. Matsalar irin wannan shiri ita ce ba ya ɗaukar mutane da yawa. Kowane ɗalibi sai da jagora guda, kuma jagoran sai ya sadaukar da nasa kwanakin farauta.

Wannan ce ƙofar da doka ba ta iya ɗagewa. A ɗauki mutumin da ya harbi barewarsa ta farko da yamma, rana na faɗuwa. Dabbar ta ruga cikin daji kafin ta faɗi, sai an bi jini da tocila. An same ta, sai a cike tambarin lasisi a ɗaura mata a kunne kafin a motsa ta. Sai a farke ciki a fitar da kayan ciki ba tare da an huda tumbi ba, a ja ta da igiya zuwa mota, wataƙila tafiyar kilomita guda a kan dutse, a san mahaucin da ke karɓa da dare ko a san yadda za a rataye ta ta huce. Ba ajin kwana ɗaya ko bidiyon intanet da ke sa mutum ya yi wannan shi kaɗai karon farko hankalinsa kwance. Wanda aka tsaya masa sau ɗaya aka sallame shi, yawanci ba ya dawowa. Sai an fita da shi sau uku, sau huɗu, har da ranakun da aka dawo hannu rabbana, sannan ya fara jin cewa shi ma maharbi ne. Saboda haka kuɗin R3 da ake kashewa a talla da bukukuwa, a ganina ya fi amfani a kashe shi wajen nemo jagorori, a horar da su, a haɗa su da ɗalibai na kusa da su, a kuma saka musu ko da da ƙarin damar farauta ce. Ɗakunan arewa da ke da gadaje babu masu kwana, su ma wuri ne da za a iya shigar da baƙo, in masu su sun yarda.

Akwai wasu jama'a kuma da aka daɗe ana mantawa da su, su ne masu harbin allo da faifan yumɓu, waɗanda ba sa farauta sam. Yau mafi yawan bindigogi da harsashin da ake saye a Amurka ba don farauta ba ne, ke nan kaso mafi tsoka na harajin Pittman-Robertson daga aljihunsu yake fitowa. Hukumar Pensilbeniya tana da filayen harbi a cikin filayenta, kuma tun 2011 wanda ba shi da lasisin farauta yana sayen takardar izini ta shekara, wajen dala 30, ya yi amfani da su. A 2019 tarayya ta sauƙaƙa gina sababbin filaye, inda take ɗaukar har kashi 90 na kuɗin. Hukumar tana kuma tafiyar da shirin koyar da kwari da baka a makarantu, wanda aka faro a jihar Kentucky a 2002. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki waɗannan mutane a matsayin maharban gobe da ba su ƙarasa ba. Wasu za su shiga daji, da yawa ba za su shiga ba, kuma sun riga sun biya. Haƙƙinsu ne a ba su fili mai tsabta kusa da gari, mai teburi da inuwa da ma'aikacin da zai nuna wa sabon zuwa yadda ake yi ba tare da ya kunyata shi ba.

Yanzu da Lahadi ta buɗe, kusan duk manyan shingayen da maharban jihar suka shekara 30 suna kuka da su sun faɗi: shekarun yaro, ajin koyo kafin gwaji, ranar buɗewa, ambulan, Lahadi. Ba sauran doka babba da za a ce ita ce ta hana. Masu shekara 12 ko fiye da suka fara karɓar takardar farauta da jagora a kakar 2025, in sun yi shekarunsu uku a jere, damarsu za ta ƙare da kakar 2027. A watan Yunin 2028, ranar da aka buɗe sayar da sabon lasisi, lambobinsu suna cikin kwamfutar hukumar a Harrisburg, kuma ana iya ƙirga nawa ne suka zauna ajin suka saya da kansu.